Argun, ƴar'uwar goriba da aka fara sani a kaburburan Masar

Duk wanda ya tashi a bakin Gulbin Kaba ya san goriba: da kabarta ake saƙa tabarma da igiya, yara kuma su gwigwiyi ƴaƴanta. Amma kaɗan ne suka san tana da ƴar'uwa ta kusa a hamadar Nubiya, tsakanin arewacin Sudan da kudancin Masar, wadda aka daɗe ana zaton ta ƙare. Sunanta argun, masana tsirrai kuma na kiranta Medemia argun. Ganyenta ya yi kama da na goriba, sai dai gangar jikinta ba ta rabuwa gida biyu, miƙe take, kuma ƴaƴanta baƙaƙe ne masu ɗan shuɗi.

Turawa sun san ƴaƴanta kafin su ga ita kanta itaciyar. A cikin kaburburan tsohuwar Masar suka same su, cikin kayan da ake binne manya da su, har da kabarin fir'auna Tutankhamun. Sai a 1837 wani basaraken Jamus ya ci karo da ita tana raye a Sudan. Daga nan labarinta ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. A 1963 masana daga Masar, cikinsu da Loutfy Boulos, suka same ta a dausayin Dungul, kudu maso yamma da Aswan. A 1995 kuma Martin Gibbons da Tobias Spanner suka sake gano ta a Sudan, suka kwaso iri da ya bazu zuwa lambuna a ƙasashe da dama. Makiyayan yankin dai ba su taɓa mantawa da ita ba, domin da ganyenta suke tufka igiyar raƙumi.

Argun na rayuwa a inda ake iya shafe shekaru ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Ruwan ƙarƙashin ƙasa na kwaruruka take sha, saboda haka ba ta yaɗuwa ko'ina. Kuma kamar dabino, akwai namiji akwai mace. Idan mace ta rage ita kaɗai a kwari, ko ta shekara nawa tsaye, zuri'arta ta yanke.

Aikin ceto ya bi hanya biyu. A Aswan, masu bincike sun tattara iri suna renon dashe a lambun jami'a, domin ko wuta ko fari ya cinye na Dungul a samu abin da za a mayar. A ɗaya gefen ana ƙidayar waɗanda suka rage a daji. Ƙidayar ta nuna na Sudan sun fi yadda aka zata yawa, shi ya sa a 2020 ƙungiyar kare halittu ta duniya UICN ta sauko da argun daga sahun masu gab da ƙarewa, inda ta sa ta tun 1998, zuwa sahun masu rauni.

Wannan sauƙi bai kamata ya ruɗi kowa ba. Dashen lambu yakan fito ne daga iyaye kaɗan, kuma ba shi ne zai maye gurbin kwarin da aka lalata ba. Babbar barazanar yau haƙar zinariya ce. Mutanen jihar Agadez da suka ga yadda Jado ta cika da mahaƙa daga 2014 sun san yadda abin yake: dubban mutane, motoci da injina su sauka a wurin da a da ba mai zama, kowa na neman ruwa, inuwa da itacen girki. A hamadar Nubiya, wuraren da ke da ɗan danshin da argun ke buƙata su ne kuma suka fi jan masu kafa sansani. Ga shi yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya sa kula da itatuwan hamada ya koma baya cikin abubuwan da ke gaban hukumomi, alhali a can ne mafi yawan argun ɗin duniya suke.