Kafin ka sayi hedifon na gem a Obi, ka tuna da zafi da janareto

A wasannin harbi irin su Call of Duty: Mobile, PUBG Mobile da Free Fire, kunne yana riga ido. Wanda ya ji takun abokin gaba a bayan bango, ya kuma gane ta hagu yake tahowa ko ta dama, ya ci rabin faɗan tun ba a saki harsashi ba. 'Yan gem sun san da haka. Shi ya sa matashin da ya tara 'yan kuɗinsa a Obi ko Agyaragu, ko ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Lafia da ya matse guzurinsa, abin da yake fara sa wa rai bayan waya ko kwamfuta shi ne hedifon mai makirfo. Sai ya hau mota zuwa Lafia, ko ya ba da saƙo a sayo masa a Banex ta Abuja ko Farm Centre ta Kano, a kawo masa kwali mai sheƙi, an rubuta 7.1 da manyan lambobi, ga hoton fitilu ja da shuɗi. Kafin damina ta zagayo fatar kunnen hedifon ta fara ɓarewa, abokan wasa kuma suna ta cewa, "Malam, kashe makirfonka, janareto kawai muke ji."

Ba lalle ne kayan su zama jabu ba. Matsalar ita ce yawancinsu an ƙera su ne da tunanin wani ɗaki daban: ɗaki mai sanyi, shiru, wanda wuta ba ta ɗaukewa. Ɗakin ɗan Obi ba haka yake ba. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kuma, kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi, kuskure a saye ya daina zama abin dariya.

Bari mu fara da yadda kunne yake gano inda sauti ya fito, domin a nan ake yi wa masu saye wayo. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Idan ƙara ta taso daga damanka, tana isa kunnen dama kafin na hagu, da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma kanka yana tare wani ɓangare nata, sai ta isa kunnen hagu a raunane. Da waɗannan bambance-bambance biyu ƙwaƙwalwa take auna wuri. Masanin kimiyyar Ingila Lord Rayleigh ya bayyana wannan tun a 1907. Lanƙwashe-lanƙwashen fatar kunne kuma su ne suke taimakawa wajen rarrabe gaba da baya, sama da ƙasa. Kunne biyu ke gare ka, saboda haka lasifika biyu masu kyau sun isa su isar da dukkan wannan bayani.

To mene ne 7.1? Asalinsa tsarin sinima ne, lasifika bakwai kewaye da ɗaki da guda ɗaya ta amon ƙasa. A kusan duk hedifon da aka rubuta wa wannan lamba, lasifika biyu ne kacal a ciki, manhaja ce take kwaikwayon sauran. Wannan kwaikwayo kuwa kyauta ake samunsa: Windows 10 da 11 suna da Windows Sonic, PlayStation 5 tana da nata tsarin, manyan wasannin harbi da yawa suna lissafa wurin sauti da kansu. Idan ka ɗora kwaikwayon hedifon a kan na wasan, sau da yawa sai sautin ya dagule, takun da ke kusa ya koma kamar daga nesa yake. Ni dai ban ga dalilin ƙara ko sisi saboda wannan lamba ba. Haka ma yawan bugun ƙasa da masu shago suke tallata kaya da shi. Yana da daɗi a waƙa, yana sa fashewar bam ta girgiza kai, amma yana danne ƙananan sautuka, irin takun ƙafa da sauya harsashi, waɗanda su ne kake nema. Rubutun "20 zuwa 20,000" da ke bayan kwali shi ma bai faɗa maka komai ba, iyakar jin ɗan Adam ce kawai aka kwafa, kuma mai arha da mai tsada duk suna rubuta ta.

Tambaya ta gaba ita ce, mai igiya ko marar igiya? Matasa sun fi son Bluetooth, don ya fi tsari a ido. A wasa kuwa yana da aibi biyu. Na farko jinkiri: kafin sauti ya bar waya ya iso kunne ta Bluetooth na yau da kullum, yakan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. A kallon fim ba za ka lura ba, domin manhaja tana jinkirta hoton ya dace da murya. A wasa babu wannan dama, sai ka ji harbin bayan an riga an kayar da kai. Ka haɗa wannan da jinkirin netwok da ɗan Obi yake fama da shi dama, tunda yawancin cibiyoyin da ke riƙe da waɗannan wasanni ba a kusa suke ba. Aibi na biyu ya fi ɓoyuwa. Da zarar ka kunna makirfo, Bluetooth yakan sauka zuwa tsarin kiran waya, sautin ya siranta, kunnuwan biyu su riƙa faɗin abu ɗaya. Hagu da daman da ka sayi hedifon dominsu sun tafi ke nan. Na'urorin PlayStation ma ba sa karɓar hedifon na Bluetooth kai tsaye, amma akwai ramin jona igiya a jikin abin riƙewar.

Akwai marasa igiya masu zuwa da ɗan makullinsu na USB, waɗanda jinkirinsu kaɗan ne ƙwarai. Suna da kyau, suna da tsada, kuma suna cin caji. An buɗe babbar tashar rarraba wuta ta Akurba a Lafia a 2022, amma duk wanda ke zaune a Obi ya san cajin waya kansa lissafi yake so, balle a ƙara masa wani batir. Igiya ba ta neman caji.

Sai dai ka dubi bakin igiyar kafin ka biya. Ƙaramin bakin nan mai milimita 3.5, idan zobba biyu ne a jikinsa, sauti kawai yake ɗauka. Mai zobba uku shi ne yake haɗawa da makirfo, shi ne na waya da laftof da abin riƙe PlayStation. Kwamfutar tebur kuma yawanci ramuka biyu gare ta, kore na kunne, ruwan hoda na makirfo, don haka sai da 'yar igiya mai raba ɗaya zuwa biyu. Mutane da yawa sun mayar da kaya lafiyayye shago suna faɗa saboda wannan 'yar igiyar. Idan wayarka ba ta da ramin sam, sai ka nemi mahaɗin USB-C, ka kuma gwada shi a wayar taka, don ba kowanne yake aiki da kowace waya ba. Ka kuma duba lambar om: 32 ko kusa da haka waya za ta iya turawa, amma mai 250, irin na ɗakin haɗa waƙa, zai yi maka magana ƙasa-ƙasa sai an haɗa shi da amfilifaya.

Yanzu ga inda garinmu yake da ta cewa. Hedifon iri biyu ne, mai rufaffen baya da mai buɗaɗɗen baya. Kamfanin Sennheiser na Jamus ne ya fito da buɗaɗɗen a 1968, kuma masana sauti suna yabonsa don yana sa ka ji kamar a fili kake, iska ma tana shiga kunne. Amma yadda iska take shiga, haka ƙarar waje take shiga: janareton maƙwabci, injin niƙa, babura a kan titin Lafia zuwa Awe. A gidan gem da mutum goma suke ihu a kan EA Sports FC, buɗaɗɗe ba shi da amfani. Rufaffe ne namu. Kuɗin da za ka biya a kansa shi ne gumi. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da zafin wannan yanki yake haura digiri 35, matashin kunne na fatar roba yana jiƙewa cikin rabin awa, kuma gumi da zafi su ne suke sa shi ɓarewa. Mai yadi ya fi shan iska, ana iya cire shi a wanke, ko da yake yana barin ƙara kaɗan ta shiga, yana kuma kwasar ƙurar hunturu. Abin tambaya a shago shi ne, ana cire matashin a sa wani? Ana cire igiyar? Waɗannan biyun su ne suke fara mutuwa, kuma idan ba a sauya su, mutuwarsu mutuwar hedifon ce gaba ɗaya. Nauyi ma abin dubawa ne. Abin da ya wuce giram 300 sosai, wuya zai ba ka labari bayan awa biyu, mai tabarau kuma ya kula da yadda yake matse gefen kai.

Kada kuma a raina iyafis. Mai bakin roba da ke toshe ramin kunne yana tare ƙarar waje fiye da manyan hedifon da yawa, ba ya sa gumi, yana shiga aljihu. A manyan gasannin duniya za ka ga ƙwararru da ƙananan iyafis a kunne, sun ɗora babban hedifon a kai don tare ihun 'yan kallo. Ga mai wasa a waya, iyafis mai igiya na kamfanin da aka sani ya fi ƙaton hedifon marar suna.

Makirfo kuwa, sirrinsa kusanci ne ba tsada ba. Kusan duk wanda ke jikin hedifon ɗan ƙaramin nau'in nan ne da James West da Gerhard Sessler suka ƙirƙiro a Bell Labs ta Amurka a 1962, irinsa ne ya daɗe yana aiki a wayoyin tarho. Duk lokacin da ka ninka nisa tsakanin baki da makirfo, ƙarfin muryarka yana raguwa da kusan desibel 6, ƙarar janareto kuwa tana nan yadda take. Saboda haka makirfo mai sanda da ke tsayawa yatsa biyu daga gefen baki ya fi wanda ke lilo a ƙirji, ya kuma fi wanda aka ɓoye a cikin kunnen hedifon. A gefen baki za a ajiye shi, ba a gaba ba, don kada numfashi ya riƙa bugunsa. Ɗan soson da ke kansa ma ba ado ba ne.

Masu sha'awar watsa wasansu a TikTok ko YouTube sukan yi marmarin babban makirfon tebur irin na 'yan rediyo. A yi hattara. Nau'in kwandensa yana da kaifin ji, zai ɗauko muryarka tare da carar zakara, kukan yaro da fankar sama. A ɗaki mai hayaniya nau'in dainamik ya fi, wanda sai ka matso kusa yake jin ka, musamman mai ɗaukar sauti ta gaba kawai. Idan kuma abokai suna jin wani gunji a ƙarƙashin muryarka, zare cajar laftof ka gani. In ya ɗauke, laifin wutar ne: lantarkinmu yana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma caja marar kyau ko wayarin da ba a haɗa shi da ƙasa ba yana zuba wannan kaɗawa cikin sauti. Ɗan katin sauti na USB yakan rage matsalar. Manhajar Discord kuma tana da matatar hayaniya a cikinta. Maɓallin kashe makirfo a jikin igiya shi ma ya cancanci a neme shi, ko don kada duniya ta ji lokacin da Inna take kiranka ka je ɗebo ruwa.

Akwai dalilin da ya fi cin wasa muhimmanci da ya sa nake nacewa a kan tare ƙarar waje. Wanda hayaniya ta dame shi, ƙara sauti yake yi, kuma nan ne kunne yake lalacewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ma'auninta ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, ga yaro kuma desibel 75. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu: 83 awa 20, 86 awa 10, 92 awa biyu da rabi a mako guda cur. Hedifon da yawa suna iya kaiwa 100 idan aka ƙure su. A watan Janairun 2024 mujallar BMJ Public Health ta buga nazarin da ya tattara bincike 14 da suka shafi mutum fiye da 50,000, ya nuna alaƙa tsakanin wasannin bidiyo da raunin ji da kuma ƙarar nan da ke zama a cikin kunne. A watan Maris na 2025 hukumar, tare da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ta fitar da ƙa'idar sauraro ta musamman don masu ƙera wasanni da na'urorinsu. Ƙananan ƙwayoyin gashi da ke can cikin kunne, idan suka mutu ba sa sake tsirowa. In ka cire hedifon ka ji kunne yana "tsiii", ko maganar mutane ta zama kamar daga cikin rijiya, ka wuce gona da iri, rage. In abin ya ƙi tafiya, sai asibiti. Masu gidajen gem da ke ba da hedifon ɗaya ga kowa kuma su riƙa goge shi tsakanin mai wasa da mai wasa, iyafis kuwa ba abin aro ba ne.

Ranar saye, ka tafi da wayarka ko laftof ɗinka, da wasan da ka saba a ciki. Kada ka yarda a gwada maka da waƙar mai shago, domin ya san wadda take fito da kayansa. Ka saurari hagu da dama daban-daban. Ka naɗi muryarka a nan cikin hayaniyar kasuwa, ka saurara, abin da abokanka za su ji ke nan. Ka murɗa igiyar a gindinta a hankali, in sauti ya yi ƙaraf-ƙaraf, ajiye. Ka bar shi a kai minti goma kuna ciniki. Sunayen da suka yi fice kamar HyperX, Logitech, Razer da JBL su ne aka fi yi wa jabu, don haka idan aka sallama maka ɗayansu a kuɗin da bai kai rabin na sauran shaguna ba, ka san abin da ke cikin kwalin. Ka karɓi rasit, ku kuma yi magana a fili da mai shagon a kan kwana nawa zai karɓi kayan idan kunne ɗaya ya mutu, tun kafin ka hau motar komawa Obi.