Hasken Ɗaki a Lokacin Hunturu

 Yau hirarmu a kan labule ne da asabari.

Da zarar hunturu ya kama, wato daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, sai ki ga mata sun toshe taga da tsumma da kwali, an saki labule mai kauri, ba za a sake ɗaga shi ba sai bazara. Mu nan Jahun da garuruwan fadamar kogin Haɗeja muna da hujja, don ga ƙura, ga ɗari, ga sauro. To amma sai ɗaki ya koma kamar rami, da rana tsaka sai an kunna fitila kafin a zura zare a allura. Mai saƙar hula idonta ya gaji, kuɗin batir ko kananzir ya tafi a banza.

Abin lura shi ne, iska da rana ba ta hanya ɗaya suke zuwa ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, tana ɗauke da ƙura tun daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Ita kuwa rana a waɗannan watanni kudu take karkata, musamman a Disamba. Dubi inuwarki da azahar, za ki ga arewa ta faɗi. Idan kin fuskanci alƙibla, kudu yana damanki, arewa yana hagunki.

Saboda haka tagar arewa da ta gabas su za ki bari a rufe. Taga ko ƙofar da ke duban kudu kuwa, da hantsi ya ɗaga sai ki buɗe ta, ta yamma kuma bayan azahar. Kada ki naɗe asabari ki tsaya a rabi, kai shi can sama ki ɗaure, domin hasken da ke shiga ta saman taga shi ne yake kaiwa ƙuryar ɗaki. Labule ma a ja shi gefe gaba ɗaya. In tagarki mai luba ce, ki goge gilasan da jiƙaƙƙen tsumma kullum, ƙura tana cinye haske.

Na san wata za ta ce, "To ai tagata lungu take kallo, masu wucewa fa?" Yi labule biyu, 'yar'uwa: fari marar kauri a ciki, mai kauri a kansa. Da rana farin kaɗai za ki saki, haske ya shigo, na waje kuma ba ya ganinki. Amma da an kunna fitila lamarin juyawa yake yi, don haka kafin magariba ki saki mai kaurin, ki rufe taga saboda sauro.

Sannan ki roƙi maigida a shafa wa bango farar ƙasa, ki rataya madubi a bangon da ke gefen taga, ki goge kwanukan jere. Duk suna mayar da haske.

Magana ta ƙarshe ita ce mafi nauyi. Ɗakin da aka toshe ruf, aka shiga da kaskon garwashi aka kwanta, yana iya zama ajali. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da jiri, tana kashewa cikin barci. Ki ɗumama ɗaki, ki fitar da kasko kafin a kwanta, ki bar kafar da iska za ta zaga, ko don ƙananan yara.

Gobe da hantsi ki gwada, ki kuma gaya wa abokiyar zamanki. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a gaida maigida da yara. Allah ya kai mu lafiya, amin.