Me ya sa iyaye a Amurka ke biyan mai shawarar shiga jami'a tun yaro na shekara 14?

Da yawa daga cikinmu muna da ɗan'uwa ko ƴar'uwa a Amurka, a New York ko Greensboro ko wani gari, kuma ƴaƴan da suka haifa can sun fara tasawa. Da yaro ya kai shekara 14, akwai maganar da iyaye ke fara ji daga maƙwabta da abokan aiki: wai a nemo masa mai ba da shawarar shiga jami'a, a fara biyansa tun yanzu. Wanda ke nan gida in ya ji haka sai ya riƙe baki. Yaron da ko BEPC bai yi ba, ina shi ina jami'a? To, abin yana da dalili, yana kuma da tarko, kuma kuɗin da ake magana a kai ba kaɗan ba ne.

Nan Nijar bak ce ƙofa. Yaro ya samu bak, ya ajiye takardunsa, ya shiga Abdou Moumouni a Yamai, ko Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ko André Salifou a Damagaram, ko Djibo Hamani a Tahoua. Ko da ya yi wasa a farkon lise, in ya dage a tarminal zai iya fita. Amurka ba ta da jarrabawar ƙasa guda ɗaya irin wannan. Sakandarensu ta sama shekara huɗu ce, aji 9 zuwa aji 12. Aji 9 ya yi daidai da ajin da ake BEPC a wajenmu, aji 12 kuma shi ne tarminal. Duk makin da yaro ya samu tun daga aji 9 yana taruwa a takarda ɗaya, ita ce jami'a za ta karanta. Kuma da yake ana aika takardun nema tsakanin Nuwamba da Janairu na aji 12, kafin a gama shekarar, yawancin abin da za a duba aikin aji 9 zuwa 11 ne. Kun ga ke nan masu cewa da sanyin safiya ake kama fara ba su yi ƙarya ba.

Akwai wani abu da ya fi makin kansa ɓoyuwa ga baƙo, wato zaɓen darussa. A can ba kowane ɗan aji ɗaya ne ke karanta abu ɗaya ba. Akwai lissafi mai sauƙi, akwai mai wuya, akwai kuma darussan da ake kira AP, masu nauyin shekarar farko ta jami'a. Manyan jami'o'i suna duba ko yaro ya ɗauki mafi wuyar abin da makarantarsa ke koyarwa. Lissafi kuwa tsani ne: wanda aka sa a matakin ƙasa a aji 9, da wuya ya kai matakin ƙoli kafin aji 12. Sau da yawa iyaye ba su ma san an yi wannan rabon ba. Yaro na kawo maki mai kyau gida, uba na murna, alhali an ɗora shi kan hanyar da ba ta kaiwa inda ake so. A ganinmu, wannan shi ne dalili mafi ƙarfi na tashi da wuri, kuma ba ya buƙatar ko sisi. Tambaya kawai yake buƙata.

Bayan maki, jami'a na son ganin sakamakon SAT ko ACT. Lokacin korona da yawa sun ɗaga ƙafa a kan wannan jarrabawa, amma MIT ta maido da ita a 2022, Harvard da Yale da Brown da Dartmouth suka bi a 2024. Sai wasiƙun shaida daga malamai, sai jerin abubuwan da yaro ke yi bayan an tashi makaranta, sai ɗan rubutu a kan rayuwarsa. Sama da jami'o'i 1,000 suna karɓar takarda ta hanyar Common App, wanda ke ba yaro gurbin ayyuka goma da rubutun da bai wuce kalmomi 650 ba.

Gasar kuwa ba ta wasa ba ce. A 2024 sama da ɗalibai dubu 54 suka nemi Harvard, waɗanda aka ɗauka ba su kai 4 cikin 100 ba. Yawancin waɗanda aka ƙi, makinsu ba abin kushewa. Tsoron wannan lissafi ne ke ciyar da masu sana'ar ba da shawara.

Shin me suke yi? Na kirki a cikinsu yakan zauna da yaro ya tsara masa darussan shekara huɗu, ya taimaka masa ya gano abin da yake so ya zurfafa a ciki, ya nuna masa abin yi lokacin babban hutu, daga baya ya taya shi zaɓen jami'o'in da suka dace da makinsa da aljihun gidansu, ya karanta rubutunsa ya yi masa gyara. Wasu da awa ake biyansu, awa ɗaya takan kai dala 200 ko fiye. Dalar Amurka fa muke nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Wasu kuma a dunƙule ake biya, dubban daloli. Dala 5,000 ta doshi sefa miliyan uku. Akwai kamfanoni a New York da jaridu suka ruwaito suna karɓar sama da dala dubu 100. Kuma sana'ar ba ta da lasisin gwamnati. Kowa na iya buga kati gobe ya ce shi gwani ne.

Ai yawancin makarantun sakandare suna da nasu jami'in ba da shawara, kyauta. Matsalar ita ce yawan yara. Ƙungiyar jami'an ta ce kamata ya yi mutum ɗaya ya riƙe ɗalibai 250, amma matsakaicin ƙasar ya haura 370, a makarantun unguwannin talakawa ma yakan fi haka. Mai kuɗi sai ya sayi lokacin da ɗan talaka ke jira a layi. Wani bincike da masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa suka fitar a 2023 ya nuna cewa ƴaƴan gidajen da suka fi kowa arziki, kashi ɗaya cikin ɗari na sama, sun ninka ƴaƴan masu matsakaicin ƙarfi fiye da sau biyu wajen samun kansu a waɗannan manyan jami'o'i, ko da makin jarrabawarsu ɗaya ne.

Sai dai mai shawara ba dillali ba ne. Ba ya cikin ɗakin da ake yanke hukunci, ba ya da gurbin da zai sayar. Wanda ya taɓa cewa yana da shi, kurkuku ya ƙare. Sunansa Rick Singer. A watan Maris na 2019 asirinsa ya tonu: iyaye sun zuba masa kusan dala miliyan 25, shi kuma yana ba masu horar da ƴan wasa cin hanci su shigar da yara da sunan gwanayen wasan da ba su taɓa yi ba, yana kuma sa a gyara amsoshin jarrabawa. An gurfanar da sama da mutum 50. Ƴar fim Felicity Huffman, wadda ta biya dala dubu 15 don a gyara SAT ɗin ɗiyarta, an yanke mata kwana 14 a gidan kaso. Lori Loughlin da mijinta sun biya dala dubu 500, ita wata biyu aka yanke mata. Singer kansa a Janairun 2023 aka ba shi shekara uku da rabi. Don haka duk wanda ya ce da ku, a can ko a nan gida, ku kawo kuɗi yana da hanya a jami'a kaza, ku kama gabanku.

Ko da babu zamba, akwai illa. Yaron da aka tsara wa kowane motsi tun yana shekara 14 yakan fito kamar kayan kanti, shi da ɗaruruwan irinsa duk fasali ɗaya, kuma masu karanta takardun sun ga dubbai, suna gane rubutun da hannun babba ya yi wa yawa. Ga kuma nauyin da ake ɗora wa yaro na cewa in ba jami'a kaza ba, an yi asara. Alhali akasarin jami'o'in Amurka suna ɗaukar fiye da rabin masu nemansu.

Ga ƴan'uwanmu masu tuƙin tasi da aikin sito da kitso, waɗanda rabin hankalinsu na kan buhun hatsin da za a saya wa gida, abin da ya fi muhimmanci shi ne sanin inda tallafi yake. Shekara ɗaya a Harvard, da kwana da ci, ta haura dala dubu 80 a rubuce. Amma tun daga shekarar karatu ta 2025, gidan da abin da yake samu a shekara bai wuce dala dubu 100 ba, ba ya biyan komai. MIT ma ta ɗauki mataki irin wannan. Wato ga ɗan talaka mai ƙwazo, babbar jami'a takan fi ƙarama sauƙi. Akwai QuestBridge, ƙungiyar da ke haɗa ɗalibai masu ƙwazo daga gidajen masu ƙaramin ƙarfi da manyan jami'o'i, kyauta, kuma tana da shiri tun daga aji 11. Akwai Posse a wasu birane. Kuɗin ajiye takarda da na SAT ma ana yafe wa mai ƙaramin ƙarfi in ya nema ta hannun makaranta.

Wani abin da iyayenmu ba su cika sani ba: ɗawainiyar gida ma ana lissafa ta. Yarinyar da ke renon ƙannenta har uwa ta dawo daga aikin dare, yaron da ke yi wa babansa tafinta a asibiti, ko mai aiki a shago ranar Asabar, duk Common App ya ba su wurin rubuta wannan. Tun da kotun ƙolin ƙasar ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a watan Yunin 2023, labarin da yaro zai bayar da bakinsa ya ƙara nauyi, domin hukuncin bai hana shi faɗin yadda ya taso ba. Yaron da ke jin Hausa da Faransanci da Turanci yana da abin faɗi wanda ba a saye.

A kuma kula da abin da suke kira Early Decision. Ana nema da wuri, galibi 1 ga Nuwamba, kuma alkawari ne: in an ɗauke ka, can za ka. Masu shawara na son sa saboda yakan ƙara damar shiga, amma gidan da ke buƙatar kwatanta tallafin jami'o'i uku ko huɗu yana ɗaure kansa ne da shi.

Wanda duk ya ga yana da hali kuma yana son ya ɗauka, ya tambaya ko mutumin yana cikin ƙungiyar masu sana'ar, kamar IECA, ya nemi a rubuta masa abin da kuɗin ya ƙunsa, ya fara da awa ɗaya ko biyu kafin ya sa hannu a kwangilar shekara huɗu. In ya ce shi zai rubuta wa yaro rubutunsa, a sallame shi. Wanda ba ya da hali kuma, tun farkon aji 9 ya nemi ganin jami'in shawara na makaranta, ya tambaya wane matakin lissafi aka sa ɗansa, kuma ina zai kai shi a aji 12. In Turancin bai zauna ba, makarantun gwamnati wajibi ne su samar wa iyaye tafinta. Takardar neman tallafin gwamnatin tarayya, FAFSA, a ka'ida ranar 1 ga Oktoba ake buɗe ta, a shekarar da yaro ke aji 12, kuma cike ta kyauta ne.