Windows 10 ta yi ritaya: ina mafita ga masu kwamfuta a Jazira da Mai Wurno?

A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da Windows 10. Labarin ya iske Hausawan Jazira da na bakin Shuɗin Nilu suna fama da abin da ya fi wannan girma, wato yaƙi. Sojojin Sudan sun karɓe Sinja a Nuwamba 2024, suka karɓe Wad Madani a Janairu 2025, jama'a suka fara komawa gida, da yawa suka tarar an wawashe shaguna da ofisoshi. Duk mai son sake buɗe shagon buga takardu ko ofishin makaranta, a Mai Wurno ko a ƙauyukan Jazira, sai ya nemi wata kwamfutar, galibi ta hannu, kuma sau da yawa babbar manhajar da ke cikinta ba ita ce wadda hannunsa ya saba da ita ba.

Mece ce babbar manhaja? Manomin Jazira ya san aikin mai gadin ruwa, wanda ke buɗe ƙofar magudana ya sako ruwa zuwa kowace hawasha, wato gona, a kan lokacinta. Haka Windows ko Linux ko Android suke a cikin na'ura: su ke raba ƙarfi da wurin ajiya tsakanin ƙananan manhajoji, su kai saƙo ga firinta, su tsare ƙofa daga ɓarayin intanet. Kwamfuta mai Windows 10 ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da tashi kamar kullum. Abin da ta rasa shi ne facin tsaro na kyauta da ake aiko mata duk wata. Duk ɓarakar da aka gano daga yanzu a buɗe za ta zauna, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi da kamfanin ya tanada zuwa Oktoba 2026.

Mutanen Sudan sun daɗe da sanin wannan hali. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba a 1997 ya hana sayen manhajoji ta halal, har kwafin bayan fage ya zama ruwan dare, ana yawo da shi a faifai da filashi. An sassauta wa kayan sadarwa a 2015, aka ɗage mafi yawan takunkumin a Oktoba 2017, amma sabo turken wawa: har yanzu akwai masu gudun sabuntawa don kada kwafinsu ya toshe.

Hanya biyu ce a gaban mai kwamfuta. Ta farko Windows 11, wadda ta fito a 2021. Tana neman ƙwaƙwalwa ta aƙalla giga 4, wurin ajiya giga 64, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da dama ba su da shi. Tana kuma son intanet tun ranar da za a ɗora ta, abin da ba shi da tabbas a ƙasar da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a Fabrairu 2024. Ta biyu Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a Finlan a 1991. Nau'o'inta irin su Ubuntu da Linux Mint kyauta ne, wasunsu kuma suna tafiya lafiya a tsohuwar na'ura.

Wahalar takan fito ne a ƙananan abubuwa. A Windows 11 maɓallin farawa ya baro kusurwa ya dawo tsakiya, sai ka ga hannun mai buga takarda yana zuwa inda babu komai. A Linux kuwa LibreOffice ce ke madadin Word. Tana rubuta Larabci daga dama zuwa hagu, amma takardar da aka tsara a Word tana iya buɗewa layukanta sun goce, saboda salon haruffan ba ɗaya ba ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga jama'ar da takardunsu na hukuma da na makaranta duk da Larabci suke. Mai rubuta wa dangi a Sakkwato ko Kano da boko shi ma sai ya ƙara allon rubutu na Hausa kafin ya sami ƙ da ɗ da ɓ.

Don haka kada a yi gaggawa. A fara kwashe takardu da hotuna zuwa filashi. Linux tana tashi daga filashi ba tare da ta taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba, sai a gwada firinta da rubutun Larabci tukuna. Kada kuma a fara ɗora sabuwar manhaja sai batir a cike yake ko sola na aiki, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin tana iya lalata komai.

Matasanmu da suka yi karatu a Jami'ar Jazira da ta Sinnar, wannan aikinku ne. Ku zauna da malaman makarantu da masu shaguna ku nuna musu a aikace, da Hausa, kafin su jefar da kwamfutar da ke da sauran amfani ko su ci bashi don sayen wadda ba su buƙata.