Gubar Dalma a Ƙasar Zamfara

A farkon shekara ta 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na ƙasar Zamfara, agwagi ne suka fara mutuwa, kuma ba wanda ya kula; sa'an nan ƙananan yara suka shiga amai da jijjiga, har sai da likitocin ƙungiyar MSF suka ga yawan sababbin kaburbura, aka auna jini, aka tabbatar gubar dalma ce. Kimanin yara 400 suka rasu.

Asalin musibar zinariya ce, domin da farashinta ya hau a duniya, talakawan da noma bai ishe su ba suka duƙufa haƙar dutsen da take ciki, ba su san Allah ya gauraya shi da dalma mai yawa ba, suka riƙa kawo shi cikin gari, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin da ake niƙa hatsi, ana shanyawa a tsakar gida inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. Babba kan jure dalma zuwa wani lokaci, amma yaron da bai kai shekara 5 ba jikinsa na shanye ta da sauri, ta hau ƙwaƙwalwa, wanda ya tsira da ransa ma sau da yawa yakan tashi da naƙasar fahimta wadda magani ba ya mayarwa.

Akwai magani mai fitar da dalma daga jini, sai dai banza ne a ba yaro shi a mayar da shi kan ƙasar da ta cuce shi. Saboda haka aka bi ƙauyukan Dareta da Yargalma da Abare gida gida, ana kankare ƙasar sama ana zuba sabuwa. Bagega kuwa, wadda ta fi su jama'a, ta yi ta jiran kuɗin gwamnatin tarayya har 2013, kuma jinkirin nan, a ganina, ba shi da uzuri, tun da malaman fiƙihu sun lissafa kiyaye rai cikin larurorin da shari'a ta zo dominsu. A 2015 irin wannan bala'i ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Hana haƙa ba zai yiwu ga mai jin yunwa ba. Amma ya kai mai haƙa, ka bar dutsen a bayan gari, ka jiƙa shi kafin niƙa domin ƙura ta kwanta, ka yi wanka ka sauya tufafi kafin ka ɗauki ɗanka.