Maganin Ƙurajen Fuska: Mu Sani Kafin Mu Shafa

'Yan'uwa manoma na ƙasar Batsari da Safana, a gidajenmu akwai samari da 'yan mata da ƙurajen fuska suka dama. Akwai kuma manya waɗanda rana ta ƙona musu fuska da wuya saboda shekaru na noman gero da rogo. A kemis ana sayar da wani man shafawa domin waɗannan abubuwa biyu. A jikin kwalinsa ana rubuta Tretinoin, wani lokaci kuma Retin-A. Magani ne na gaske, amma wanda bai san ƙa'idarsa ba zai ɓata fatarsa, ya yi asarar kuɗinsa.

Mene ne shi?

Maganin dangin bitamin A ne. Wani likitan fata a Amurka, Albert Kligman, tare da abokan aikinsa, su ne suka nuna amfaninsa a kan ƙuraje. A shekara ta 1971 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi domin ƙuraje, a 1995 kuma domin fatar da rana ta lalata. Yana da ƙarfi iri iri. Za ku ga an rubuta 0.025% ko 0.05% ko 0.1%. Na farkon shi ne mafi sauƙi, da shi kuwa ake farawa. Akwai ɗan'uwansa mai suna Adapalene, wanda bai kai shi zafi ba.

Yaya yake aiki?

Fatarmu tana da ƙananan ƙofofi inda gashi da maiƙo suke fitowa. Sa'ad da yaro ya balaga, maiƙon yakan ƙaru. In matacciyar fata ta haɗu da maiƙo ta toshe ƙofa, sai ƙwayoyin cuta su yi yawa a ciki, wurin ya kumbura. Shi ne ƙurji. Wannan magani yana sa tsohuwar fata ta riƙa zuba da sauri, ƙofofin su buɗe. Watau aikinsa hana sababbin ƙuraje fitowa ne. Domin haka ana shafa shi a dukan wurin da ƙuraje suke fitowa, ba a kan ƙurji ɗaya kaɗai ba. Ga wanda rana ta ƙona, yana rage kaushi da baƙin tabo da ƙananan tamoji, amma sai bayan kamar wata 6.

Ga yadda ake shafawa

1. Da dare kaɗai. Hasken rana yana rage ƙarfinsa.
2. A wanke fuska da sabulu marar zafi, ban da soso. A jira kamar minti 20 har ta bushe sarai.
3. A matso kamar ƙwayar wake ɗaya. Ya isa dukan fuska. Ƙari ba ya kawo saurin warkewa, ƙuna yake kawowa.
4. A kauce wa ido, da leɓe, da gefen hanci, da inda akwai rauni.
5. A fara da dare ɗaya cikin uku. In fata ta saba bayan mako 2 ko 3, sai a ƙara a hankali.
6. Da safe a wanke fuska, a shafa ɗan mai mai laushi.

A makonnin farko fata takan bushe, ta yi saɓa, har ƙurajen su yi kamar sun ƙaru. Kada a fid da zuciya. Sai an yi mako 8 zuwa 12 ake ganin amfani. Sannu ba ta hana zuwa. Amma in fuska ta kumbura ko tana raɗaɗi ƙwarai, a dakata a ga malamin asibiti, gama baƙar fata in ta ƙone takan bar tabo mai daɗewa.

Abin da ya shafe mu manoma

Mai shafa maganin nan, rana tana ƙona shi fiye da dā. Mu kuwa a rana muke wuni. Sai a sa malfa mai faɗi, a fita gona da sassafe, a nemi inuwa da tsakar rana, musamman a bazara. Da hunturu iska tana busar da fata, sai a rage yawan kwanakin shafawa. Har wa yau, fatar da ta yi saɓa tana shan guba da sauƙi. Kada wanda fuskarsa take saɓa ya ɗauki injin feshi.

Waɗanda bai kamata su shafa ba

Mace mai ciki, da wadda take neman ciki, kada su taɓa shi, domin tsaron lafiyar jariri. Mai goyo ta tambayi likita tukuna. Maganin ba ya warkar da makero, ko ƙazwa, ko ƙyasbi. Tabon da ya yi haske, wanda ba a jin taɓawa a kansa, yana iya zama kuturta. A kai shi asibiti, gama tana warkewa. 'Yan'uwanmu zabiya kuma, malfa da riga mai dogon hannu da man kāre rana su ne garkuwarsu. Gyambon da ya ƙi warkewa a fuska ko kunne ko wuyan zabiya yana iya zama ciwon daji. Kada a tsaya shafe-shafe.

Mu yi hankali da haɗe-haɗe

A kasuwa akwai masu haɗa maganin nan da man bilicin, su zuba a roba marar suna. Irin wannan haɗi yakan ƙunshi magunguna masu ƙarfi da suke sa fata ta yi siriri, ta yi nankarwa, ƙuraje kuma su dawo fiye da dā. A shekara ta 2023 hukumar NAFDAC ta yi kashedi mai ƙarfi a kan bilicin. In za mu saya, mu duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar magani. Mu ajiye shi a wuri mai sanyi, nesa da yara.

Mafi kyau, a fara nuna fuskar ga ma'aikacin lafiya a asibitin Batsari ko na Dutsin-ma. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura mu Katsina. Shugabannin ƙungiya, ku karanta wannan a taronku na gaba, ku tabbata mata da matasa suna wurin. Rigakafi ya fi magani.