Tsoffin Taswirori Sun Riƙe Abin Da Daji Ya Haɗiye

A can ƙuryar arewa maso gabashin Amurka akwai wata jiha mai suna Maine, wadda ta yi iyaka da Kanada. Galibinta daji ne, kuma mutanenta sun daɗe suna saran itacen katako. Da can sai a sare gungume da hunturu, in ƙanƙara ta narke a tura shi kogi, ruwa ya kai shi inda ake tsagawa. A kogin Kennebec, shekarar 1976 aka yi turin ƙarshe.

Da sana'ar ta sauya, sansanonin masu sara suka rushe, ƙananan madatsun ruwa na katako suka ruɓe, itatuwa suka rufe hanyoyi. To, ina mai neman tarihinsu zai dosa? Sai tsoffin taswirori.

Hukumar safiyon ƙasa ta Amurka, wato USGS, an kafa ta a 1879, ta kuma fara wannan zane a 1884. Layuka masu ruwan ƙasa suna nuna tudu da kwari, shuɗi yana nuna ruwa, baƙi kuwa abin da ɗan Adam ya gina. A da yawa cikinsu, inci ɗaya a takarda kusan mil ɗaya ne a ƙasa.

Ga misali, ƙauyen Flagstaff. A 1950 madatsar da aka gina a kogin Dead ta sa ruwa ya shanye shi, mutanensa suka watse. Taswirar yau tafki kawai take nunawa. Wadda aka zana kafin lokacin kuwa, ga ƙauyen nan da hanyarsa. Jikan mutumin garin yana iya ɗora yatsa ya ce, nan ne tushenmu.

Haka kuma mai karatu zai ga iyakar da Amurka da Ingila suka shata a 1842. Wani ɓangarenta ya bi kogin Saint John, ya raba masu jin Faransanci gida biyu, dangi a wannan gaɓa, dangi a waccan. Mu ma ai mun san irin wannan.

A 2011 hukumar ta fara sa tsoffin taswirorinta a intanet kyauta, fiye da 170,000. Darasin a fili yake. Tsoffin zanguna da rijiyoyi da burtalan da dattawanmu suka sani, in ba a zana an rubuta sunayensu ba, ranar da suka kau shi ke nan. Allah Ya sa mu farga.